Bayan Ka Rama, Sai Kuma Me?

Ɗana, na san ba ka cikin masu mugun nufi, kuma na san idan akwai abin da ka daɗe kana riƙe da shi a zuci game da wani mutum, ba a hanya ka tsince shi ba, cutar ka aka yi. Saboda haka ba zan fara da ce maka ka manta ba, don wanda ke ce wa mai ciwo ya manta da ciwonsa bai taɓa kwana da irinsa ba. Abin da nake so ka ba ni aron kunnenka, in ba ka labarin wani da aka cuta fiye da yadda aka cuci yawancinmu, wanda ramuwa ta zame masa ci da sha har ta kusa cinye shi, da shi da jama'arsa. Ba ɗan Adam ba ne, ba a ma taɓa yin sa ba, ƙirƙirarsa aka yi a wani shirin talabijin. Kada wannan ya sa ka raina zancen, domin tun muna yara da Gizo da Ƙoƙi aka koya mana hali, ba kuwa wanda ya ce sai ya ga gidansu kafin ya ɗauki darasi.

Sunan shirin Babylon 5, ƙagaggen labarin kimiyya mai dogon zango da wani marubuci Ba'amurke, J. Michael Straczynski, ya tsara. An nuna shi daga 1994 zuwa 1998, zango biyar, kashi 110, kuma 92 daga ciki shi ya rubuta su da kansa, shi ya sa labarin ya tafi a zare ɗaya, abin da aka shuka a zangon farko sai ka ga an girbe shi a na huɗu ko na biyar. Al'amuran suna faruwa ne daga shekarar 2258 zuwa 2262, a wata makekiyar tasha da 'yan Adam suka gina a sararin samaniya, tsawonta mil biyar, mazaunanta wajen 250,000, don jakadun duniyoyi daban-daban su riƙa zama suna kashe rigingimunsu da baki maimakon makami. Cikin jakadun nan akwai G'Kar, wakilin al'ummar Narn, ƙaƙƙarfa mai jajayen idanu da fata dabbare-dabbare, wanda marigayi Andreas Katsulas ya fito a matsayinsa. Akwai kuma abokin gabarsa, Londo Mollari, jakadan daular Centauri, mai son caca da shagali da begen zamanin da daularsu take tashe, wanda Peter Jurasik ya fito a matsayinsa.

Gabar tana da tushe, tushen kuwa mai ɗaci ne. Mutanen Narn a da manoma ne, ba ruwansu da yaƙi, sai Centauri suka sauka a duniyarsu suka mallake su kimanin shekara 100, suka bautar da su, suka sare dazuzzuka, suka haƙe ma'adinai har ƙasar ta bushe. Mahaifin G'Kar bara ne a gidan wasu 'yan Centauri. Wata rana abin sha mai zafi ya kuɓuce masa ya zube wa uwargidan a jiki, sai ta sa aka rataye shi ta hannuwa a bishiya har kwana uku. A daren ƙarshe yaron ya lallaɓa ya je wurinsa, uban ya yi masa wasiyya da ya tafi ya yi yaƙi, ya zama abin da shi bai samu zama ba, sannan ya cika. Gari na wayewa G'Kar ya kashe ɗan Centauri na farko a rayuwarsa. To, ka ji. Wa zai dubi wannan yaro ya ce ba shi da hujjar fushi?

Da yaƙin sunƙuru mutanen Narn suka gajiyar da Centauri har suka tattara nasu ya nasu suka tafi, kuma daga nan nake so ka fara lura, domin a daidai nan ne wanda aka zalunta yakan yi tuntuɓe. Da suka sami 'yanci ba su koma gona ba. Makaman da azzalumin ya bari suka kwasa, suka koyi ƙera irinsu, suka shiga sayar wa duk mai kuɗi, suka kafa mulkin da ba ya mafarkin komai sai ranar da zai taka wuyan Centauri. Kashi na farko na shirin ma da haka ya buɗe: jiragen yaƙin Narn sun afka wa Ragesh 3, wani matsugunin manoman Centauri, G'Kar kuwa ya tsaya gaban majalisar jakadu yana kare abin da kaifin bakinsa, ko a jikinsa. Manoman nan ba su suka rataye mahaifinsa ba, amma zuciyar da ta cika da ramuwa ba ta tantance fuska, ita dai ta ga ɗan gidan. Akwai wani jakada mai suna Kosh, na wata daɗaɗɗiyar al'umma, wanda maganarsa ba ta da yawa. Da aka nemi ra'ayinsa sai ya ce al'umma ce mai mutuwa, a ƙyale ta ta wuce. Aka ce wace yake nufi, Narn ko Centauri? Sai ya ce e, ya yi shiru.

Ana cikin haka wani mutum mai fara'a da tsabtar tufa, ana ce masa Morden, ya zo tashar yana bin jakadu ɗaki-ɗaki da tambaya guda: me kake so? Ɗan aiken wasu tsofaffin halittu ne da ake kira Inuwoyi, waɗanda sana'arsu haɗa al'ummu faɗa. Da ya matsa wa G'Kar, sai mutumin naka ya buɗe cikinsa. Ya ce so yake ya ga an rushe biranen Centauri, an baƙanta samaniyarsu, an barbaɗe gonakinsu da gishiri, an shafe su kamar ba a taɓa yin su ba. Morden ya saurara har ya gama, sannan ya ce masa, to bayan nan fa, sai kuma me? G'Kar ya yi tsuru-tsuru. Daga bisani ya ce bai sani ba, in dai ƙasarsa ta tsira, sauran bai dame shi ba. Jakada guda, mai ilimi da fasahar magana, ya kwashe rayuwarsa yana shirin rana ɗaya, bai taɓa tunanin washegarinta ba.

Ɗana, wannan tambaya nake so ka ɗauka ka tafi da ita ɗaki, lokacin da kowa ya yi barci ya rage daga kai sai zuciyarka. Ka ƙaddara ka samu abin da kake so. Wanda ya ci gadonku ya tsiyace, wanda ya yi maka ƙazafi a wurin aiki an kore shi, wadda ta raba uwarka da ɗakinta ta wulaƙanta a gaban jama'a. Sai kuma me? In ka duba ka ga babu komai a bayan wannan rana, babu sana'ar da kake son ginawa, babu karatun da kake son ƙarasawa, babu gidan da kake son rayawa, to ka sani wanda ya cuce ka bai tsaya ga abin da ya ƙwace a jiya ba, ya haɗa har da gobenka, kuma kai ka miƙa masa da hannunka.

Morden bai sami abin da yake nema wurin G'Kar ba, sai ya same shi wurin Londo, wanda burinsa na dawo da tsohuwar ɗaukakar Centauri ba shi da iyaka. Kafin zangon farko ya ƙare Inuwoyi sun shafe wani sansanin Narn, rayuka 10,000 a dare ɗaya, a matsayin kyauta ga Londo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk inda gaba ta daɗe tsakanin gida biyu, za ka ga wani ya ɓullo da murmushi yana tambayar me kake so, yana cewa ai da shi ne da ba zai yarda ba. Ka kiyayi irin wannan, mai ingiza mai kantu ruwa ne, ranar da abu ya lalace ba za ka gan shi ba.

Abin da ya fi taɓa zuciya ya zo a zango na biyu, cikin kashin da ya ci lambar yabo ta Hugo a 1996. Sarkin Centauri, Turhan, tsoho kuma marar lafiya, ya nace sai ya zo tashar. G'Kar ya ga dama ta samu, ya yi wasiyyarsa, ya ɓoye wuƙa, ya je wurin liyafa yana jiran isowar sarki don ya soke shi, ko da shi ma za a kashe shi nan take. Sarki bai iso ba, ciwo ya kayar da shi a hanya. Daga gadon asibiti ya aiko likita da saƙo: abin da ya kawo shi tun farko shi ne ya tsaya gaban ɗan Narn ya ce sun yi kuskure, sun yi zalunci, yana neman afuwa. Ka duba fa. Mutum guda daga cikin dukan sarakunan Centauri da ya taso don ya faɗi kalmar da Narn ta shekara ɗari tana jira, shi G'Kar ya wasa wa wuƙa. Da ba don ciwo ya riga shi ba, da ya kashe afuwar tun tana bakin mai ita, ya mutu yana ganin ya yi jarumta. Jikinsa ya yi sanyi, ya nemi Londo ya saya masa abin sha, ya ce watakila akwai sauran fata. Bai san Londo ya riga ya aika wa Inuwoyi su afka wa wani yankin Narn ba. Kafin kwana ya kewayo yaƙi ya ɓarke.

Narn ta sha kashi. Jiragen Centauri suka kewaye duniyar suna jefa mata manyan duwatsun sararin samaniya, makamin da duk duniyoyi suka haramta, Londo yana tsaye a tagar jirgi yana kallo bai ce uffan ba. Cikin sharuɗɗan miƙa wuya har da cewa duk ɗan Centauri guda da aka kashe, za a kashe 'yan Narn 500, ciki har da iyalin wanda ya yi kisan. Aka tuɓe G'Kar daga jakadanci, ya koma ɗan gudun hijira a tashar da a da yake taƙama. Wata rana Vir, mataimakin Londo, yaro mai tausayi, ya haɗu da shi ya ce masa ya yi haƙuri. G'Kar ya zaro wuƙa ya yanki tafin hannunsa, jini yana ɗiga, kowane ɗigo yana cewa ga mamaci, ga mamaci, sannan ya tambaye shi yadda zai ba waɗannan haƙuri. Vir ya ce ba zai iya ba. G'Kar ya ce to shi ma ba zai iya yafewa ba. A nan ban ga laifinsa ba, ɗana, don akwai lokacin da rauni yake ɗanye, ba a taɓa shi.

Inda nake ganin laifinsa shi ne ranar da bam ya tashi a tashar, lifta ta maƙale da shi da Londo su biyu, wuta tana ci a waje, hayaƙi yana shigowa. Londo ya ce su haɗa ƙarfi su fita. G'Kar ya nemi wuri ya zauna yana ƙyalƙyala dariya, ya ce ba zai ɗaga ko yatsa ba: ga hanyar da zai ga mutuwar Londo ba tare da an kashe mutum 500 ba, in shi ma zai mutu, to ya mutu. Masu kallo sukan yi dariya a wurin, amma ka tsaya ka auna. Jama'arsa tana cikin bauta, shi kaɗai ne babbansu da ya rage a sake, shi suke sa wa ido, amma ya yarda ya salwantar da kansa don ya ga gawar mutum ɗaya. Mai ramuwa kamar wanda ya cinna wa dangar maƙwabcinsa wuta ne da hunturu, iska ba ta san inda iyakar gidan wani ta tsaya ba.

Sai da ya kai maƙura sannan ya juyo. Ya sha wata haramtacciyar ƙwaya mai ba mutum ikon kutsawa cikin tunanin wani, ya fasa ɗakin Londo, ya yi masa dukan kawo wuƙa, ya shiga tona asirin zuciyarsa. Yana cikin haka sai ya ga mahaifinsa a rataye a bishiyar nan, sannan wani dattijo ya yi masa magana, ya ce al'ummun nan biyu sun shagala da mutuwar juna har ba sa ganin komai sai ita, kuma yanzu ba wanda ya fara ne abin tambaya ba, wanda ke shan wuya ne. Mai kallo ya san Kosh ne ya nuna masa wannan, shi G'Kar bai sani ba. Kotu ta ɗaure shi kwana 60, bai yi gardama ba. A kurkukun ya fara rubuta littafi, da ya fito kuma ya tara 'yan Narn da ke tashar suka zama masu tsaronta a lokacin da take cikin tsananin buƙata. Ƙarfin da yake ƙonewa a banza ya sami aikin yi.

Kada ka zaci ya zama waliyyi dare ɗaya. Bayan wannan ma ya tsaya an yi wa Refa, basaraken da ya jagoranci ragargaza Narn, dukan mutuwa. Da Delenn, jakadiyar al'ummar Minbari, ta faɗa masa cewa sun san da Inuwoyi tuntuni amma suka yi shiru don lokacin tunkararsu bai yi ba, ya ce ya fahimta, watakila wata rana ya yafe, amma ba yau ba. Hali ba ya sauyawa da sauri, sai a hankali, ana faɗuwa ana tashi. Gwajinsa babba ya zo ne da ya faɗa hannun sabon sarkin Centauri, Cartagia, mahaukaci, wanda ya sa aka yi masa bulalar lantarki, ya kuma sa aka ƙwaƙule masa ido ɗaya don kawai bai ji daɗin irin kallon da yake masa ba. Tun farkon kama shi Londo ya zo masa da ciniki: ya taimaka a kawar da Cartagia, shi kuma ya janye Centauri daga Narn. G'Kar ya haɗiye abin da ke ransa ya yarda, don a karon nan ya san amsar tambayar Morden. Yana son jama'arsa ta rayu.

Aka kawar da Cartagia, Centauri suka fice. Mutanen Narn suka taru suna murna, suka ce G'Kar ya zama shugabansu shi kaɗai, ya kai su su rama. Ya ƙi. Ya ce bai yi fama don a cire azzalumi guda shi ya maye gurbinsa ba, a maido da majalisa, a gina ƙasa. Sai wani ya taso masa, wai su sun sha wuya, shi me ya jure? Mutumin da ke tsaye da ido ɗaya da bayan da bulala ta farfasa bai ba shi amsa ba, dariya kawai ya yi ya wuce. Kai ma ka shirya wa wannan, ɗana. Ranar da ka ce a bar maganar, waɗanda ba su sha rabin abin da ka sha ba su za su fara kiranka matsoraci.

Tsakaninsa da Londo kuwa, abin ya tafi taki-taki. Londo ya zo ya zuba masa abin sha don su yi sulhu, G'Kar ya ɗauki kofin ya juye shi cikin kwalbar. Daga baya ya yarda ya sa hannu a wata sanarwa tare da shi, da sharaɗin ba a shafi ɗaya ba. Sai da ciwon zuciya ya kusa kashe Londo sannan bakinsa ya iya furta neman afuwa a gaban G'Kar. Aka wayi gari G'Kar ne mai tsaron lafiyar Londo a fadar Centauri. A 2262, lokacin da jiragen Narn da na wata al'umma mai suna Drazi suka yi wa duniyar Centauri ruwan wuta, suka ƙara tura ta hannun wasu masu juya ta a ɓoye, G'Kar yana cikin birnin da ake ƙonawa. A nan ya ce wa Londo jama'arsa ba za ta taɓa yafe wa jama'ar Londo ba, amma shi ya yafe masa. Bai yi wa matattu karambanin yafiya da yawunsu ba. Nasa haƙƙin, wanda yake da iko da shi, shi ya saki.

Tun a kashi na farko Londo ya ce ya yi mafarkin mutuwarsa, shi da G'Kar sun shaƙe juna. A 2278 hakan ta faru. Londo ya zama sarki, amma wata halitta da aka manna masa a wuya ita ke sarrafa shi, sai ya roƙi G'Kar, a matsayin tsohon aboki, ya kashe shi kafin ta farka ta sa shi ya ci amanar waɗanda ya taimaka wa suka tsere. G'Kar yana cikin yi halittar ta farka, hannuwan Londo suka kama wuyansa, suka mutu tare. Abin da aka ƙaddara bai sauya ba, amma zuciyar da ya je da ita ta sauya, kuma wannan ne kaɗai aka bar wa bawa a hannunsa.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka, da kai da 'yata da ke karanta wannan. Ka raba neman haƙƙi da ramuwa. Haƙƙi yana da iyaka, yana da ƙofa: dattawan gida, mai unguwa, alƙali. Ka bi ta nan, ba abin kunya ba ne, kuma addini bai hana ka ba, sai dai ya nuna maka yafiya ta fi. Ramuwa ita ce ba ta da ma'auni, shi ya sa aka ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, shi ya sa kuma kullum muke jin an tare hanya an kashe matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, wai don an taɓa wasu a wani gari. In zuciyarka ba ta kai ga yafewa ba, kada ka yi ƙarya, ka ce ba yau ba, amma kada ka rantse cewa har abada, don ba ka san wanda ke kan hanya da kalmar da kake jira ba. Annabi Yusuf, da 'yan'uwan da suka jefa shi rijiya suka zo gabansa a Masar neman hatsi, yana da ikon yi musu komai, kuma wannan ikon ne ya sa yafiyarsa ta zama abin ambato har yau.

Abu na ƙarshe, ka kula da abin da kake faɗa a gaban 'ya'yanka. Magana ɗaya mahaifin G'Kar ya yi a bakin mutuwa, ɗansa ya ɗauke ta shekaru masu yawa, ta kai shi har bakin halaka kafin ya gane cewa raya sunan uba ba sai da jini ba. Yaro ba ya iya auna abin da ya faru kafin a haife shi, abin da ya gani a fuskarka shi zai riƙe, kuma zai riƙe shi da ƙarfin da ya fi naka. Ka gaya musu gaskiyar abin da ya faru in sun girma, don kada a maimaita musu, amma kada ka ce kada su gai da wane, kada su taka gidan wance. Ka bar musu gona da ilimi da zumunci, bashin gaba kuwa ka biya shi da haƙurinka tun kana da rai. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya saka maka ta inda ba ka zata ba, ya kuma tsare hannunka daga haƙƙin wanda bai cuce ka ba.